Albashin masu horar da 'yan ƙwallo: Shin kuɗin na tafiya daidai da sakamako a Fatakwal, Inugu da Anacha?

Duk lokacin da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta raba gari da mai horar da 'yan wasanta, ko ta ɗauko sabo, tambayoyi biyu ne ke biyo baya a bakin magoya baya: nawa ake biyansa, kuma me ya kawo? A Nijeriya tambayar tana da nauyi fiye da na hirar majalisa, domin akasarin ƙungiyoyi 20 da ke buga gasar Firimiyar ƙasar mallakin gwamnatocin jihohi ne. Albashin kocinsu yana fitowa ne daga asusu ɗaya da albashin malamin firamare da na ma'aikaciyar jinya.

Biranen Fatakwal, Inugu da Anacha sun ba da misalai uku mabambanta. A Fatakwal gwamnati ta zuba kuɗi mai yawa, ta kuma ɗauki kofi. A Inugu an ɗauki kofi sau biyu cikin shekara takwas, an kuma sauya masu horarwa da dama a tsakani. A Anacha, duk da arzikin kasuwarta, babu ƙungiyar da ta ɗore a babbar gasa. Idan aka jera waɗannan misalai tare da abin da ke faruwa a tawagar ƙasa ta Super Eagles, da jami'o'in Amurka inda ake biyan koci miliyoyin daloli, za a ga cewa akwai dangantaka tsakanin albashi da sakamako, amma ta fi rauni fiye da yadda ake zato.

Abin da ya haɗa Hausawan kudu da wannan batu

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya daɗe. Fataucin shanu, goro, albasa da hatsi ne ya kafa unguwannin da Inyamurai ke kira Ama Awusa, wato unguwar Hausawa. A Inugu, wani Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950. A yau ana samun al'ummar arewa a wurare irin su Garki a Inugu, titin Bida da bakin gada a Anacha, da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal. Suna biyan haraji da kuɗin rumfa da na lodi ga jihohin da suke zaune, don haka wani ɓangare na abin da ake kashewa a kan Rangers International ko Rivers United daga aljihunsu ya fito.

Su ne kuma ke cika ɓangaren baƙi na filin wasa idan Kano Pillars, Katsina United ko El-Kanemi Warriors ta sauka kudu. Da yawa daga cikinsu ba su manta da ranar 24 ga Oktoban 2018 ba, lokacin da Pillars ta kara da Rangers a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a filin Stephen Keshi da ke Asaba, wanda gadar Neja ce kawai ta raba shi da Anacha. Sai Masu Gida ta kai ƙwallo 3 da nema, amma cikin kusan minti 15 na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. An yaba wa Gbenga Ogunbote na Rangers, an ɗora laifi a kan Ibrahim Musa na Pillars. Shekara guda bayan haka, Ibrahim Musa ɗin nan ne ya ɗauko wa Pillars kofin a Kaduna, shi ma a bugun fenariti, a kan Niger Tornadoes. Mutum ɗaya, dabara kusan ɗaya, sakamako biyu: wannan kaɗai ya isa ya nuna wahalar auna koci da wasa guda.

Akwai kuma 'yan arewa da suka ci abinci da wannan sana'a a kudu. Salisu Yusuf ya ɗauki Kofin Ƙalubale da Enyimba ta Aba a 2013, daga baya ya horar da Rangers daga 2019 zuwa 2021. Abdu Maikaba ya ɗauki Kofin Aiteo da Akwa United a 2017, ya kuma gaji Salisu a Inugu. Usman Abdallah ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Confederation na Afirka a 2018, ya ba ta kofin gasar Firimiya a 2019. A ɗaya ɓangaren, Okey Emordi, wanda ya ɗauki Kofin Zakarun Afirka da Enyimba a 2004, shi ne ya jagoranci Kano Pillars ta lashe gasar 2014. Kasuwar masu horarwa ɗaya ce daga Kano har bakin teku, kuma yadda ake biya da yadda ake kora a kudu yana shafar 'yan arewa kai tsaye.

Yadda ake biyan koci a Nijeriya

Ƙungiyoyin gasar Firimiya ba su saba bayyana kwantiragin masu horarwa ba. A wurin gabatar da sabon koci, abin da aka fi faɗa shi ne tsawon yarjejeniyar da burin da aka ɗora masa, misali tikitin gasar Afirka ko tsira daga faɗuwa. Adadin kuɗin yakan tsaya tsakanin koci, shugaban ƙungiya da ma'aikatar wasanni ta jiha, duk da cewa ƙasar na da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011.

Abin da koci ke samu yana zuwa ne ta hanyoyi huɗu. Akwai albashin wata. Akwai alawus na kowane wasa, wanda ya fi tsoka idan an ci nasara a waje. Akwai gida da mota da ake ba shi muddin yana bakin aiki. Sannan akwai tukuicin gwamna idan an ɗauki kofi, wanda kan zo a matsayin tsabar kuɗi, fili ko gida, kuma sau da yawa yakan fi albashin shekara ɗungurungum. Na ƙarshen nan ba ya cikin kwantiragi. Alheri ne da ya dogara da ra'ayin mai mulki da yanayin siyasar lokacin.

A kan wannan sai a ƙara matsalar jinkirin biya. Bin bashin albashi na watanni tsohon ciwo ne a gasar, kuma a nan akwai bambanci tsakanin ɗan gida da baƙo. Kocin da ya zo daga wata ƙasa yana iya kai ƙara gaban hukumar FIFA, wadda ke da ikon hana ƙungiya sayen 'yan wasa har sai ta biya. Tun daga farkon 2021 FIFA ta shigar da tanade-tanade na musamman da ke kare kwantiragin masu horarwa a rikicin da ya haɗa ƙasashe biyu. Ɗan gida kuwa, kwamitin sasanci na hukumar NFF ne madogararsa, kuma samun hukunci daban, karɓar kuɗin daban. Saboda haka adadin da ke rubuce a takarda ba lallai ne ya zama abin da ya shiga hannu ba.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula lissafin. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a canjin hukuma; a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kocin da ake biya da naira ya ga albashinsa ya zube idan aka auna da dala, yayin da wanda ya ƙulla yarjejeniya da dala ya ninka nauyinsa a kan mai biyansa fiye da sau uku, ba tare da ya ci ƙarin wasa ko ɗaya ba.

Inugu: kofi ba ya hana kora

An kafa Rangers International a 1970, jim kaɗan bayan yaƙin basasa, kuma ba ta taɓa faɗuwa daga babbar gasa ba. Ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1977, ta kuma lashe gasar cikin gida sau shida tsakanin 1974 da 1984. Daga nan sai fari ya sauka na shekara 32. A tsawon wannan lokaci gwamnatoci sun zo sun wuce, an ɗauko masu horarwa manya da ƙanana, babu wanda ya kai ga kofin.

Wanda ya karya farin shi ne Imama Amapakabo, tsohon mai tsaron gida ɗan jihar Ribas, wanda ya fara aiki a ƙungiyar a matsayin mataimaki, ba a cikin jerin manyan sunaye masu tsada yake ba. A ranar 2 ga Oktoban 2016 Rangers ta doke El-Kanemi Warriors da ci 4 da nema a filin Nnamdi Azikiwe, ta zama zakara. A watan Afrilun 2017, wata shida kacal bayan bikin, an raba shi da aikin, bayan Zamalek ta Masar ta fitar da ƙungiyar daga gasar Zakarun Afirka, ita kuma ta koma ƙasan teburi a gida. A daidai wannan lokaci irin haka ta faru a Ingila: Claudio Ranieri ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester City a Mayun 2016, aka sallame shi a Fabrairun 2017. Shi ma Usman Abdallah, wanda ya ba Enyimba kofi a tsakiyar 2019, bai wuce farkon 2020 a kan kujerarsa ba.

Zamanin Abdu Maikaba, daga 2021 zuwa 2023, ya nuna wani ɓangare na matsalar. Ya zo Inugu da suna mai kyau, domin Plateau United da yake horarwa ita ce a saman teburi lokacin da annobar korona ta tsayar da gasar 2020. Amma a mafi yawan zamansa ana gyaran filin Nnamdi Azikiwe, sai Rangers ta riƙa buga wasanninta na gida a Nnewi da Awka a jihar Anambra. A gasar da cin wasa a waje ke da matuƙar wuya, rasa filin gida da taron magoya baya babban gibi ne da babu albashin da zai cike shi. A kakar 2023 ƙungiyar ta sha wuya a lig, duk da cewa ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda Bendel Insurance ta doke ta da ci 1 da nema a Asaba.

A tsakiyar 2023 abubuwa uku suka sauya kusan lokaci guda. Sabon gwamna, Peter Mbah, ya naɗa lauya Amobi Ezeaku ya shugabanci ƙungiyar. An ɗauko Fidelis Ilechukwu daga Plateau United. Sannan a cikin kakar ƙungiyar ta koma filinta na Inugu. A watan Yunin 2024 Rangers ta lashe kofinta na takwas. Ilechukwu ya cancanci yabon da ya samu, amma mai son adalci zai yi wuya ya ware nawa ne rabon koci a nasarar, nawa ne na sabon shugabanci, nawa ne na komawa gida. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fatakwal: inda kuɗi ya yi magana

A 2016 gwamnatin Nyesom Wike ta haɗe tsofaffin ƙungiyoyin jihar Ribas biyu, Sharks da Dolphins, ta kafa Rivers United. Maimakon raba kuɗi gida biyu, sai aka tattara shi wuri guda a jihar da ke cikin mafiya samun kuɗin shiga a ƙasar. An damƙa ƙungiyar ga Stanley Eguma, wanda ya riga ya ɗauki kofin lig da Dolphins a 2011. A kakar farko ta zo ta biyu a bayan Rangers.

Abin lura shi ne an bar Eguma a kan aikin shekaru da dama ba tare da kofi ba, abin da ba kasafai ake gani a gasar ba. Ya kuma ɗanɗani haɗarin da ke cikin sana'ar: a watan Yunin 2021 'yan bindiga sun sace shi a hanyar Inugu lokacin da yake dawowa daga wasa a arewa maso gabas, kafin a sako shi bayan 'yan kwanaki. Kakar da ta biyo baya, ta 2021/2022, Rivers United ta lashe gasar da maki 77, adadin da babu ƙungiyar da ta taɓa kaiwa kafin nan, Plateau United ta Ilechukwu na biye da ita. Rahotannin lokacin sun nuna gwamnan ya ba kowane ɗan wasa tukuicin dala 20,000, wato fiye da naira miliyan 8 a canjin hukuma na wancan lokaci.

A nan kuɗi da sakamako sun tafi tare. Sai dai kuɗin bai tsaya a kan koci kaɗai ba. Ya shiga albashin 'yan wasa, da sayen ƙwararru daga wasu ƙungiyoyi, da sauƙaƙa tafiye-tafiye. A Afirka kuma iyakarsa ta bayyana. Ƙungiyar ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin Confederation sau biyu a jere, Young Africans ta Tanzaniya ta fitar da ita a 2023, USM Alger ta Aljeriya ta fitar da ita a 2024. Wanda ya fi kowa kuɗi a gida ya tarar da waɗanda suka fi shi a waje. Kafin kakar 2023/2024 ta ƙare an raba gari da Eguma, ƙasa da shekara biyu bayan ya kafa tarihin maki.

Wanda aka ɗauko a tsakiyar 2024 shi ne Finidi George, ɗan Fatakwal, tsohon ɗan wasan Sharks, Ajax da Real Betis, wanda ya ba Enyimba kofinta na tara a 2023. A kakarsa ta farko Rivers United ta zo ta biyu. Wadda ta sha gabanta ita ce Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, ƙungiya mai zaman kanta mallakin ɗan kasuwa Kunle Soname. Kocinta, Daniel Ogunmodede, bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasan ƙasa da ƙasa ba. An bar shi ne ya gina tawaga sannu a hankali, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, ta ɗauki kofi a 2025.

Anacha: kuɗin attajiri, ba tare da tushe ba

Anacha tana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, amma ba ta da ƙungiya a gasar Firimiya. Jasper United, wadda ta wakilci birnin a shekarun 1990, ta daɗe da ɓacewa daga babbar gasa. Ƙoƙari mafi girma na baya-bayan nan a yankin shi ne na FC Ifeanyi Ubah da ke Nnewi, garin da ke kusa da Anacha, wadda attajirin man fetur, daga baya sanata, marigayi Ifeanyi Ubah ya kafa a 2015 bayan ya sayi Gabros.

Ƙungiyar ta dogara sosai da masu horarwa daga waje. Cikin 'yan shekaru ta yi aiki da Mitko Dobrev ɗan Bulgeriya, Rafael Everton ɗan Brazil, Kenichi Yatsuhashi ɗan Japan da Yaw Preko ɗan Ghana, kafin ta juyo ga 'yan gida irin su Ladan Bosso. Ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2016 a ƙarƙashin Everton, bayan doke Nasarawa United a bugun fenariti a Legas. Wannan ne babban kofinta ɗaya tilo. A 2021 ta faɗi daga babbar gasa.

A kwatanta da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale na 2024 a ƙarƙashin Aliyu Zubairu, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema, alhali a ƙaramar gasa ta buga kakar. Gasar sili-ɗaya-ƙwale tana ba mai ƙaramin ƙarfi dama, shi ya sa kofi ɗaya ba ya isa hujjar cewa kuɗin da aka kashe a kan koci ya biya.

Tawagar ƙasa: baƙo da ɗan gida

A Super Eagles ne alƙaluma suka fi fitowa fili, domin jaridu na bibiyar su. Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka sau uku: a 1980 da Otto Glória ɗan Brazil, lokacin da kyaftin ɗin Rangers Christian Chukwu ya ɗaga kofin a Legas, a 1994 da Clemens Westerhof ɗan Holan, a 2013 da marigayi Stephen Keshi. Albashin da aka ruwaito na Keshi naira miliyan 5 ne a wata, kimanin dala 30,000 a canjin lokacin, kuma a cikin shekarar da ya ci kofin ya yi watanni yana bin bashi.

Gernot Rohr, Bajamushe, ya riƙe tawagar daga 2016 zuwa Disambar 2021. Ya kai ta Kofin Duniya na 2018, ya zo na uku a Afirka a 2019. Bayan an sallame shi ya kai ƙara FIFA, wadda ta umarci NFF ta biya shi kimanin dala 378,000. José Peseiro ɗan Fotugal ya fara da albashin da aka ruwaito na dala 70,000 a wata, daga baya aka rage zuwa 50,000, ya kai wasan ƙarshe a Abidjan a Fabrairun 2024, inda Kwaddibuwa ta ci 2 da 1. Finidi George, wanda ya gaje shi, wasa biyu na neman shiga Kofin Duniya kawai ya jagoranta bayan tabbatar masa da muƙamin: kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo, da shan kashi a hannun Jamhuriyar Benin, wadda Rohr ɗin da aka kora ke horarwa. Ya ajiye aiki a Yunin 2024.

A wannan jeri, wanda ya ɗauki kofi shi ne mai ƙaramin albashi a cikin ukun da aka ambaci kuɗinsu. Farashin koci yana bin kasuwar da ya fito da kuɗin da ake ciniki da shi, fiye da yadda yake bin abin da zai kawo.

Jami'o'in Amurka da binciken Turai

Inda wannan muhawara ta fi zafi a duniya shi ne jami'o'in Amurka, a wasan ƙwallonsu da ya fi kama da zari-ruga. A can gasar jami'o'i babbar kasuwa ce. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma a jihohi da dama kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi albashi. Da yake kwantiragin jami'o'in gwamnati takarda ce da kowa ke da ikon gani, jaridar USA Today na buga jerin albashin duk shekara, jama'a su auna da kansu.

Akwai waɗanda suka biya kuɗinsu. Nick Saban, wanda ya yi ritaya a Janairun 2024 yana karɓar fiye da dala miliyan 11 a shekara, ya ɗauki kofin ƙasa sau shida da Jami'ar Alabama. Kirby Smart ya ba Jojiya kofi a 2021 da 2022, aka ɗaga albashinsa zuwa kusan dala miliyan 13. Akwai kuma akasin haka. Jami'ar Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher a ƙarshen 2017 a kan dala miliyan 75 na shekara 10, saboda kofin da ya ci da Florida State. Bai kawo kofi ba, aka sallame shi a Nuwambar 2023, jami'ar ta rage da bashin fiye da dala miliyan 75 na diyya. An biya shi ne don nasarar jiya a wani wuri, aka kuma ɗaure kai da alƙawarin da babu hanyar fita.

Wani dalilin hauhawar albashin a can shi ne shekaru da dama an hana biyan 'yan wasan jami'a, sai kuɗin talabijin ya kwarara zuwa masu horarwa da gine-gine. Sai a 2021 aka ba ɗalibai damar cin kuɗin tallace-tallace da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. A Nijeriya lamarin ya sha bamban: masu horarwa a gasar jami'o'i ta NUGA, wadda Jami'ar Fatakwal ta daɗe tana haskakawa a cikinta, akasari ma'aikatan jami'a ne da ke kan matakin albashi kamar sauran ma'aikata, ko an ci ko an faɗi.

Binciken masana ya taimaka wajen fahimtar lamarin. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski da ɗan jarida Simon Kuper, a littafinsu Soccernomics na 2009, sun nuna cewa a ƙwallon Ingila, idan aka duba shekaru masu yawa, jimillar albashin 'yan wasa ce ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayin ƙungiyoyi a teburi. Abin da ya rage wa koci, sa'a, rauni da alƙalanci kaɗan ne. Wani masani ɗan Holan, Bas ter Weel, ya bibiyi korar masu horarwa a gasar ƙasarsa daga 1986 zuwa 2004, ya gano cewa ƙungiyoyin da suka kori koci bayan jerin rashin nasara sun farfaɗo, amma waɗanda suka shiga irin wannan hali ba su kori kowa ba su ma sun farfaɗo kusan daidai. Mummunan yanayi yakan wuce da kansa, sai sabon koci ya kwashi ladan.

Ma'aunin da ya fi adalci

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da tambayoyin da suka fi “kofi nawa ya ci?” amfani. Na farko, wane matsayi ƙungiyar ta samu idan aka kwatanta da abin da take kashewa a kan 'yan wasa? Kocin da ya kai ƙungiya ta goma a ƙarfin aljihu zuwa matsayi na huɗu ya yi aikin da ya fi na wanda ya kai mafi kuɗi matsayi na biyu. Na biyu, an biya shi da 'yan wasansa a kan lokaci, kuma a filinsu suka buga wasannin gida? Na uku, maki nawa ya samo a waje, inda taron gida ba ya taimakawa? Na huɗu, matasa nawa ya fito da su har aka sayar, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya?

Lissafin kuɗin shiga ma yana da muhimmanci. Kyautar zakaran gasar Firimiya naira miliyan 100 ce a 2023, ta koma miliyan 150 a 2024, sannan miliyan 200 a 2025. Ƙungiyar da ke biyan 'yan wasa fiye da 30 da ma'aikata, tana zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Maiduguri tsawon kaka, ba za ta rayu da wannan ba ko da ta ɗauki kofin. Gibin baitulmalin jiha ne ke cike shi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun Yulin 2024.

Majalisun dokokin jihohin Ribas da Inugu, kamar na Kano, Katsina da Borno, su ne ke amincewa da kasafin ma'aikatun wasanni kowace shekara, kuma suna da ikon neman a gabatar musu da kwantiragin koci, da burin da aka ɗora masa, da diyyar da za a biya idan aka sallame shi kafin lokaci. Hukumar gasar ma tana iya sanya bayyana jimillar albashi da shaidar biya cikin sharuɗɗan rajistar ƙungiya a farkon kowace kaka. Idan waɗannan takardu suka fito fili, ɗan kasuwar da ke biyan haraji a Diobu ko Garki zai iya ɗora su kusa da teburin gasar, ya ga ko kocin ne ya gaza, ko kuwa waɗanda suka ɗauke shi aiki.